Kafin a Ƙyasta Ashana: Yadda Ake Shirya Tabar Lofe

Kukan sabon mashayin lofe bai cika wuce uku ba. Wuta na mutuwa bayan zuƙa huɗu ko biyar, harshe na zugi kamar an kurɓi shayi daga kan wuta, sannan can ƙasan lofen ana jin ruwa na ƙara ɓal-ɓal kamar tukunya za ta tafasa. Daga nan sai mutum ya ce lofen ne ba shi da kyau, ko an sayar masa da jabun taba. Sau da yawa lofen lafiyarsa ƙalau, tabar ma haka. Aikin ya ɓaci ne tun a tafin hannu: ko dai tabar ta cika laima, ko ta bushe ƙayau, ko an ɗura ta kamar ana cusa auduga a matashi.

Bari in sauke wani nauyi tukuna. Wannan bayani na baligi ne wanda ya riga yana sha. Kada wani ya ruɗe ka da cewa lofe ba ya cutarwa tunda ba a haɗiye hayaƙinsa. Nikotin na ratsa fatar baki ya shiga jini, ya kama mutum kamar yadda sigari ke kamawa, kuma shan lofe na jawo kansar leɓe da harshe da maƙogwaro da huhu, ga ciwon dasashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara. A Najeriya dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a. Malamai da dama sun yi hani da ita. Babu wata dabarar shiri da ke rage wannan illa, abin da shiri ke gyarawa shi ne yadda tabar ke ci da yadda take a baki.

Mene ne a hannunka?

Hausawa suka ce taba ta bambanta da garin gero. To, taba ma ta bambanta da taba. Kada ka farke karan sigari ka zazzage a lofe. An yi mata yanka siriri ne don ta ci da sauri a cikin takarda, a kan lofe kuwa sai ta kama kamar busasshiyar ciyawa, ta ƙona maka baki.

Tabar lofe da ake shigowa da ita daga Turai da Amurka yawanci haɗi ce ta ganye iri-iri, kuma sunayen na rubuce a jikin gwangwani ko leda. Virginia ita ce wadda ake busarwa da zafin bututu a rufaffen ɗaki cikin kamar mako ɗaya. Launinta daga rawaya zuwa ja, kuma sukarin da Allah ya yi ta da shi yana da yawa, a wata har yakan kai kashi 20 cikin 100. Wannan sukari shi ne daɗinta, shi ne kuma ke sa ta yi zafi ta ciji harshen mai gaggawa. Burley a inuwa ake rataye ta iska ta busar da ita makonni, sukarinta kaɗan ne ƙwarai, ba ta da rigima wajen ci, kuma tana shan duk ƙanshin da aka zuba mata. Cavendish ba irin shuka ba ce, hanyar sarrafawa ce: a turara ganyen, a danne shi, sau da yawa a sa masa zaƙi har ya yi baƙi. Latakia ta samo suna daga wani birnin gaɓar teku a Siriya, ganye ne da ake busarwa da hayaƙin itatuwa har ya yi baƙi yana ƙauri kamar banda. Perique kuwa daga yankin St. James na jihar Luwiziyana take, ana matse ta cikin gangar katako ta tsumu a ruwan jikinta kimanin shekara guda, kuma ɗan kaɗan ake sawa a haɗi, kamar yaji a miya.

Abin da ya shafe ka a nan shi ne wannan: taba mai ƙanshin kanti, irin mai ƙamshin banila ko ceri, ita ce ta fi zuwa a jiƙe. Ana sa mata wani sinadari mai riƙe laima don kada ta bushe a shago, shi ya sa za ka ji tana ɗan danƙo a yatsa. Abin takaicin, ita ce kusan kowa ke farawa da ita saboda ƙanshinta na daɗi a ɗaki, kuma ita ce ta fi wahalar da sabon shiga.

Sai yanka. Akwai mai zare-zare, wadda aka yanka kamar taliya sirara, ita ce mafi sauƙi. Akwai sala, wato an danne ganye ya zama dunƙule sannan aka yanka shi falle-falle, a jikin gwangwani za ka ga an rubuta Flake. Akwai curi, dunƙulen da ba a yanka ba, sai kai ka sa wuƙa. Akwai wadda aka tufka kamar igiya, da wadda aka yayyanka igiyar ta fito kamar sulalla. Idan yau ka fara, nemi mai zare-zare. Sauran za su jira ka.

Mataki na farko: tambayi yatsunka

Ɗebi taba gwargwadon abin da yatsu uku za su ɗauka, ka matse ta na daƙiƙa biyu ko uku, ka sake ta a kan farar takarda. Abu uku ne zai faru.

Idan ta zauna a dunƙule kamar curin fura, ta ƙi warwarewa, laima ta yi yawa. Idan ta kakkarye tana ƙas-ƙas ta koma gari, ta bushe fiye da kima. Wadda ake so ita ce wadda za ta ɗan tsaya, sannan ta buɗe a hankali da kanta, zaren na lanƙwasa ba ya karyewa, kuma ba ta barin sanyi ko danƙo a yatsa.

Me ya sa wannan ya fi komai muhimmanci? Ruwan da ke cikin ganye ba ya ɓacewa idan wuta ta zo, tururi yake zama. Tururin nan ya bi bututu ya sauka a harshenka, shi ne zugin da kake ji. Wanda bai kai bakinka ba ya huce a hanya ya koma ruwa, ya taru a gindin lofe, shi ne ƙarar da kake ji da ɗacin da ke tahowa baki. Kuma jiƙaƙƙiyar taba ba ta son ci, sai ka yi ta ja da ƙarfi don kada ta mutu, jan da ƙarfi ya ƙara zafi, zafin ya ƙara tururi. Duk wanda ya taɓa hura ɗanyen itace da damina ya san wannan wahala: hayaƙi ya cika ido, tuwo bai nuna ba.

Busasshiya kuma nata laifin daban. Tana kamawa nan take, ta cinye cikin 'yan mintoci, hayaƙin ya zo da kaushi yana karce maƙogwaro, ƙanshin ya gudu. Amma in za a ba ni zaɓi tsakanin kuskure biyun, gara ta ɗan zarce a bushewa. Taba mai ɗan bushewa ana iya sha da ita a natse. Mai laima ba ta jin lallashi.

Mataki na biyu: shanya, ko mayar da laima

A nan ne shawarwarin da ake karantawa daga waje suke buƙatar gyara. Waɗanda suka rubuta su a ƙasashe irin su Ingila ko Jamus suke zaune, inda iska ke da laima kusan duk shekara. Za su ce ka shanya taba minti 20 ko 30. Gwada haka a Kano ko Zinder cikin watan Janairu ka gani. Lokacin hunturu danshin iska a ƙasar Hausa yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, a watan Agusta kuma ya haura 70. Taba tana numfashi da iskar da ke kewaye da ita, don haka agogo ba zai yi maka aiki ba, sai dai yatsa.

Ɗebi iya abin da zai cika lofe ɗaya, ka ƙara ɗan kaɗan. Baza shi a kan takarda ko faranti busasshe, kada ya hau kan juna. Ka rufe gwangwanin nan take, kada ka bar shi a buɗe kana jira. Da hunturu ko bazara ka sake gwadawa bayan minti 3 zuwa 5, sau da yawa ya isa. Da damina tana iya ɗaukar rabin awa ko awa guda, mai ƙanshin kanti ma ta fi haka, wata sai an bar ta ta kwana. A inuwa ake shanyawa. Rana tana busar da bayan ganye ta bar cikinsa, tana kuma kwashe ƙanshi. Idan kana sauri da damina, ajiye farantin inda fanka ke kaɗawa daga nesa, ba gabanta ba, in ba haka ba ka tsinci tabarka a ƙarƙashin kujera.

Ni kaina na yi wannan wauta a farkon lamari. Na baza rabin gwangwani a faranti da safe cikin sanyin Disamba, na ce bari in je in dawo. Kafin azahar ta zama kamar busasshiyar kuka, ga ƙurar hunturu ta yi mata hoda.

Idan haka ta same ka, ba a zubar da ita. Zuba ta a kwano mai faɗi. Jiƙa tsumma mai tsabta, wanda ba a wanke da sabulu mai ƙanshi ba, ka matse shi sosai har ya daina ɗiga. Rufe bakin kwanon da shi ta yadda ba zai taɓa tabar ba, ka kifa faranti a sama. Duk bayan awa ɗaya ka buɗe, ka juya ta a hankali, ka gwada. Yawanci awa biyu zuwa huɗu sun isa, wadda ta bushe ƙwarai kuma sai ta kwana. Da ta dawo, mayar da ita kwalba ka rufe, ka bar ta kwana ɗaya laimar ta ratsa ko'ina daidai. Ƙanshin ba zai dawo duka ba, amma za ta shawu.

Ruwan da ya fi shi ne tataccen ruwa irin na ɗakin gwaji. In babu, tafasa ruwa mai kyau ka bar shi ya huce. Kada ka je wajen masu cajin batir ka ɗebo abin da suke kira ruwan batir, don wani akwai asid a ciki. Kada kuma ka zuba ruwa kai tsaye a kan taba. Za ka ji tsofaffin mashaya na cewa a jefa yankan tuffa ko ɓawon lemo ko dankali a cikin leda. Yana mayar da laima, gaskiya ne, amma a zafinmu kwana biyu ya isa ya haifar da fumfuna. Akwai kuma 'yan fakitin daidaita danshi da ake sayarwa, irin na Boveda, masu lamba a jiki. Mai lamba 62 ya dace da yawancin tabar lofe.

Mataki na uku: warware ta

Mai zare-zare ba ta da wahala. Ɗaga ta da yatsu kana sakewa har duk dunƙulen ya rabu. In ka ga ɗan itace ko jijiyar ganye mai tauri, cire shi, don shi ne ke toshe ramin iska ko ya ƙi ci. Zaren da ya cika tsawo ka tsinka shi biyu.

Sala ce ke da hanyoyi. Mafi sauƙi ga sabon hannu shi ne murzawa: ɗauki falle ɗaya ko ɗaya da rabi, ka yayyaga, ka sa tsakanin tafukanka ka murza a hankali kamar mai murza gyaɗa don cire ɓawo, har ta koma zare-zare. Sannan ka shanya, domin sala kusan kullum tana zuwa da laima fiye da sauran, kuma cikinta ya fi bayanta jiƙa. Murza tukuna, shanya daga baya. In ka murza ta yi laushi sosai za ta ci da sauri, in ka bar ta da ɗan gutsattsari za ta ci a hankali da sanyi, wanda ya fi dacewa da mai zama a waje inda iska ke kaɗawa.

Hanya ta biyu ita ce naɗewa. A ninka fallen a tsaye, a sake ninka shi biyu, a ɗan murɗa, a zura shi cikin lofe lanƙwasar na ƙasa, a yanke abin da ya yi saura a sama, a barbaɗa ɗan marmashi don wuta ta sami abin kamawa. Ba a dannawa, domin sala na kumbura in ta ji zafi. Wannan hanya na ba da sha mai tsawo, amma tana son hannun da ya saba. Bar ta sai ka yi wata biyu ko uku. Hanya ta uku, a sa almakashi a yanka fallen ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar dawa, a zuba a lofe ba tare da an danna ba.

Curi da igiya, wuƙa mai kaifi za ka sa a kan katako, ka yanka siriri kamar milimita 1 zuwa 2, sannan ka murza. Ka yi hankali da igiya, yawancinta ƙarfi ne da ita na gaske.

Wani zai ce, to ganyen gida fa, wanda ake nomawa a fadama ana sayarwa a kasuwa? Shi kakanninmu suka sha a lofen yumɓu, kuma yana shiryuwa. Zaɓi ganyen da ya bushe ya yi launin ƙasa-ƙasa, ba mai sauran kore ba, ba mai tabon fumfuna ba. Yayyafa masa ruwa kaɗan da yatsa, ka sa a leda ya kwana har ya yi laushi kamar jemammiyar fata. Zare jijiyar tsakiya. Jera ganyen kan juna, ka naɗe kamar tabarma, ka yanka siriri. In kana son ya rage kaushi, kafin yankan ka danne jerin tsakanin katako biyu da dutse mai nauyi na mako ɗaya ko biyu, kana dubawa saboda fumfuna. Sabon ganye yana da wani wari mai hawa hanci wanda sai ya yi watanni a ajiye yake sauka. Garin taba da aka haɗa da kanwa don ɗurawa a baki ko shaƙa ba na lofe ba ne. Kuma ganyen gida na iya bugarwa fiye da na gwangwani, saboda haka fara da rabin lofe, kada kuma cikinka ya zama babu komai. In ka ji jiri, tashin zuciya, shaƙuwa ko gumi mai sanyi, nikotin ne ya yi maka yawa. Ajiye lofen, ka sha iska, ka sha wani abu mai zaƙi.

Mataki na huɗu: ɗurawa

Kafin komai, busa cikin lofen ka tabbata ramin a buɗe yake, ka kuma ja iska sau ɗaya babu taba, don ka san yadda yake in ba komai a ciki. Wannan ne ma'auninka.

Ka ɗauki kan lofe kamar murhu. Mace mai iya girki ba ta cusa itace ta toshe bakin murhu, tana barin wa iska hanya a ƙasa. Haka ake so a nan: ƙasa sako-sako, tsakiya da ɗan ƙarfi, sama ya fi su matsewa. Dalili kuwa, ramin iska a gindi yake, kuma yayin da kake sha kana dannawa, duk nauyin ƙasa yake sauka.

Barbaɗa taba a ciki tana faɗawa da kanta har ta cika baki. Kada ka tura. Ɗan bubbuga gefen lofen da yatsa ta zauna. Sai ka danna da sauƙi ƙwarai har ta sauka rabi. Ja iska ka ji: ya kamata ya zama kusan kamar babu komai. Sake cikawa har baki, ka danna da ɗan ƙarfi har ta tsaya wajen kashi biyu cikin uku. Sake ja. Cika na uku ka ɗan tula ta sama da baki, ka danna har ta sauka ƙasa da bakin da kamar milimita 3. Wannan ɗan filin yana da amfani, domin taba na tasowa in ta ji wuta, in ba wuri sai ta zubo maka a riga ta kuma ƙona bakin lofen.

Yanzu gwaji na ƙarshe. Danna saman da yatsa, ya kamata ya ɗan lotsa ya dawo kamar sabon burodi. Ja iska. In ka ji kamar kana zuƙar zoɓo da tsinken shan lemo, daidai ne. In kamar fura mai kauri ce, ta matse. In kuma iska ce zalla ke wucewa, ta yi sako-sako, ƙara kaɗan a sama. Wadda ta matse, gwada zura siririn tsinke ta gefe har gindi don buɗe hanya. In bai yi ba, zazzage ka sake. Minti ɗaya ne, ya fi ka yi rabin awa kana kokawa. A cikin masu farawa goma da na gani, kusan duka matsewa suke yi, da wuya ka ga wanda ya bar ta sako-sako. Kuskuren sako-sako ana gyara shi da madanni, wato ɗan ƙarfen danna taba, ana cikin sha, na matsewa ba ya gyaruwa.

Mataki na biyar: wuta biyu

Ashana ta katako ta fi, ko laita mai laushin harshe. Laita mai shuɗiyar wuta mai huci kamar ta masu walda tana cinye bakin lofe. In ashana ce, bari kan ya gama ci na daƙiƙa biyu warin ya wuce.

Wutar farko ba ta sha ba ce. Riƙe ashanar sama da tabar kaɗan, kana zagayawa da ita, kana jan gajerun zuƙa biyar ko shida har saman duka ya yi baƙi. Za ka ga tabar ta kumbura ta miƙe. Bar ta ta mutu. Sa madanni, wato ɗan ƙarfen nan mai faffaɗan kai, ka kwantar da ita a hankali, nauyin ƙarfen kawai ya isa. In ba ka da shi, kan babbar ƙusa mai tsabta na yi. Wannan ya ba ka shimfiɗaɗɗen gawayi a sama, ya kuma kori sauran laimar da ke wurin.

Sai wuta ta biyu, ita ce ta gaske. Zagaya kamar ɗazu, da zuƙa masu ɗan tsawo, har ka ga garwashi ya game saman. Daga nan sassauta. Kurɓa ake yi, ba ja ba, kuma a baki hayaƙin ke tsayawa. In kan lofen ya yi zafin da ba za ka iya riƙe shi a tafi ka ƙirga shida ba, ajiye shi ya huce. In toka ta taru hayaƙi ya fara raguwa, taɓa ta da madanni kana ja a hankali, garwashin zai sauka kan sabuwar taba. Mutuwar wuta ba abin kunya ba ce. Waɗanda suka shekara talatin suna sha ma suna sake kunnawa sau biyu ko uku. In ka ji ƙarar ruwa, zura tsinken goge bututu, wato siririyar waya mai auduga a jiki, ta baki har gindi ya tsotse, ka ci gaba.

Game da lofen kansa, kalma biyu. Yawancin na kanti da saiwar wani ɗan itace na gaɓar Bahar Rum ake yin su, kuma garin Saint-Claude na Faransa ya yi suna a wannan sana'a tun ƙarni na 19. Irin wannan yana son hutu na kwana ɗaya bayan an sha don ya bushe, in ba haka ba ko tabar da ka shirya da kyau za ta yi ɗaci. Na totuwar masara, wanda kamfanin Missouri Meerschaum na Amurka ke yi tun 1869, yana da araha, yana shan laima, ya dace da mai koyo. Kuma Latakia da mai ƙanshin kanti suna barin warinsu a lofe, don haka in da hali kowace da nata.

Ajiya

Gwangwanin da ba a fasa ba yana shekaru. Da ka buɗe shi, murfin ba ya ƙara riƙe iska yadda ya kamata, ledar kanti kuwa ta fi shi rauni. Da hunturu mako ɗaya ya isa ya busar da giram 50. Juye tabar a kwalbar gilashi mai murfin da ke da roba a ciki. Kwalbar Bama ko ta zuma na yi, in an wanke ta da ruwan zafi, an shanya ta bushe sarai, an shinshina murfin ba a ji komai ba. Zaɓi kwalbar da tabar za ta kusa cikawa. In kana da yawa, raba biyu: ƙaramar kwalba ta yau da kullum, babba wadda ba a buɗewa sai ƙaramar ta ƙare.

Ajiye ta a wuri mai duhu da sanyi, can cikin kabad, nesa da hannun yara, domin ganyen taba guba ne ga yaron da ya ci shi. Taba na kwasar warin maƙwabcinta, saboda haka nesa da turaren wuta, daddawa, kananzir da sabulu. Kada ka sa a firiji. Ana ɗauke wuta ana kawowa, kwalbar na yin gumi daga ciki, gumin nan kuwa shi fumfuna ke nema. Kada ka bar ta a mota.

Virginia na ƙara daɗi in ta shekara a rufe, ta yi duhu, cizonta ya ragu. Mai ƙanshin kanti ba ta ƙaruwa da komai, ƙanshin ma raguwa yake yi, don haka kada ka tara ta. Da damina ka riƙa leƙa kwalabenka. Wani lokaci tsohuwar sala na fitar da ɗan farin abu mai ƙyalli kamar gishiri, wannan ba komai. Amma in ka ga abu mai gashi-gashi kamar auduga, fari ko kore ko shuɗi, ko ka ji warin rumbun da ruwa ya shiga, zubar da ita duka. Kada ka tsince wurin da ya ɓaci ka sha sauran. Tafasa kwalbar, ka canza murfin.

Bayan kowane sha, bari lofen ya huce kafin ka zazzage, kuma kada ka buga shi a bango ko dutse, nan ne wuyansa ke karyewa. Zazzage a takarda ka duba abin da ya fito, domin shi zai gaya maka gyaran gobe. Toka mai laushi, fara ko ruwan toka, da ɗan guntun taba kaɗan a gindi, shirin ya yi. Baƙin dunƙule mai jiƙe da wari, ƙara lokacin shanya ko ka sassauta ɗurin ƙasa. In gefe ɗaya ya ci ɗaya bai ci ba, wutar farko ce ba ta game ba. In kuma komai ya cinye cikin minti goma lofen ya yi zafi jau, tabar ta bushe da yawa ko ka murza ta ta yi laushi fiye da kima. Canza abu ɗaya kawai a sha na gaba, ka bar sauran yadda suke, in ba haka ba ba za ka gane wanne ne ya yi aiki ba.